Gajeriyar Winchester mai zane: in saya ko in haƙura?

Ɗan Kurmi, Dallas: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Baffa da sauran manya, shawara nake nema. Ranar Asabar na ga wata bindiga Winchester samfurin 1873 a hannun wani dattijon Bature, gajeriyar nan ta mahaya dawakai, bututu inci 20, da zoben sirdinta a gefen hagu. Jikinta duk zanen ganye ne mai murɗewa, ga barewa a tsaye a gefe guda. Libar da ake ja a ɗura harsashi tana tafiya sumul. Dala 9,500 ya ce, kuma ya rantse zanen daga kamfani ya fito. Ya ba ni zuwa Juma'a.

Malamin Lissafi: Wa alaikumus salam. Ina takardar Cody, ta gidan tarihin da ke riƙe da bayanan kamfanin?

Ɗan Kurmi, Dallas: Ya ce tana wurin ɗansa, zai nemo.

Malamin Lissafi: To kai ma kuɗinka na wurin banki, za ka nemo.

Baffan Houston: Ɗana, zauna ka ji, don ramin da kake leƙawa ni na faɗa cikinsa har wuya. Shekara goma sha ɗaya ke nan na sayi wata gajeriyar Winchester samfurin 1892 a wani baje-kolin bindigogi. Ba zan faɗi sunan dillalin ba, shi da Allah. Zanen ya yi kyau har sai da na ji ƙirjina na bugawa. Ya ce aikin John Ulrich ne, ya nuna mini wasu 'yan haruffa ƙanana a ƙasa. Na san 'yan gidan Ulrich, Conrad da John da Herman, su ne manyan masu zanen Winchester, sai kwaɗayi ya rufe mini ido. Na ƙirga masa dala 14,000, kuɗin da na ware don rufin gidana na Kano.

Bayan wata biyu na kai ta wurin wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa a wannan harka. Bai ce komai ba, ya ɗauko ɗan gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ya kunna fitila, ya ce in duba da kaina. Akwai wasu 'yan ramuka da tsatsa ta ci a gefen ƙarfen. Layin zanen ya bi ta cikinsu ya wuce, gefensa da kaifi kamar jiya aka yanka. Ka ga ke nan tsatsa ta riga zanen zuwa. In da zanen asali ne, tsatsar ce za ta cinye layin. Ya juya bututun, rubutun kamfani ya shafe rabi saboda gugar inji da aka yi kafin a sake mata launi, amma ganyen zanen ko ƙwarzane babu. Ta yaya bindiga za ta tsufa ta bar zanenta yana saurayi?

Sai a lokacin na tura lambar zuwa gidan tarihin bindigogi na Cody da ke Wyoming, inda littattafan ajiyar kamfanin suke. Amsa ta zo: gajeriyar bindiga, girman harsashi kaza, ta shiga sito ranar kaza, an fitar da ita ranar kaza. Ko kalma ɗaya babu a kan zane. Abin da ya fi ci mini rai, da sun bar ta yadda take da tsufanta, da ta fi daraja a wurin masu tarawa na gaskiya. Na sayar da ita ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da na biya, don na faɗa wa mai sayen gaskiya, ba zan ci haram ba. Mai ɗakina ta yi sati ba ta dafa mini miyar kuka ba.

Ba sai ka jira ɗan kowa ba. Karɓi lambar da ke ƙasan bindigar, bayan liba, ka tambayi Cody da kanka. Na 1873 kusan duk bayanansu suna nan.

Maman 'Yan Biyu: Baffa, sati ɗaya ai Hajiya ta yi haƙuri. Ni wata zan yi.

Ɗan Kurmi, Dallas: Innalillahi. Allah ya mayar muku da alheri, Baffa. Wallahi ban ma duba rubutun bututun ba, barewar kawai nake kallo.

Injiniya na Ohio: Ranka ya daɗe Baffa, ina da ɗan gyara. Ba duk zanen da takarda ba ta ambata ba ne na jabu. Mai zanen nan Louis Nimschke a New York yake da shagonsa, ba ma'aikacin Winchester ba ne. Manyan dillalai kan sayi bindiga ba zane su kai masa, don haka a littafin kamfani ba za ka ga komai ba, alhali aikinsa yau ya fi na wasu 'yan kamfanin tsada. Sannan ita 1866, mai jikin tagullar nan, bayananta a Cody sai daga wajen lamba 125,000 suke farawa. Bindigar Henry ta 1860 kuwa, wadda aka ƙera wajen 14,000 kacal, ba a ma maganar takarda.

Baffan Houston: Gaskiyarka Injiniya. Amma yaron nan an ce masa zanen kamfani ne. Wanda ya ce na kamfani, sai ya kawo shaidar kamfani. Kuma duk wani ɗan damfara sunan Nimschke yake kira in takarda ta ƙi shi.

Injiniya na Ohio: Wannan haka yake. Abu na biyu da zai sa ka tsaya, Ɗan Kurmi: gajera bindigar aiki ce, ta makiyaya da masu yawo a kan sirdi. Mai kuɗin da zai biya a yi masa zane yawanci doguwa yake oda, mai bututu inci 24 mai kusurwa takwas da itace mai kyau. Gajera mai zanen asali tsiraru ce ƙwarai. In ta gaske ce, me zai hana dattijon kai ta gwanjon Rock Island ko Morphy? A Rock Island ɗin ne fa aka sayar da 1886 mai lamba 1 a kan dala miliyan 1.265 a 2016, wadda aka ba Kyaftin Henry Lawton bayan kama Geronimo, jagoran yaƙin ƙabilar Apache.

Badamagare: Ku Kanawa sai son araha. Mu da Sarki Tanimu ke ƙera igwa a Zinder tun kuna auna gyaɗa, ku tambaye mu sirrin ƙarfe.

Ɗan Kurmi, Dallas: Igwar da in an harba sai an nemi mai harbin? Zauna kawai, bawanmu.

Badamagare: Wa ye bawan wani? Baffa ka shiga tsakani kafin in tono tarihi.

Baffan Houston: Ni ba ruwana, kakata Badamagariya ce.

Sabon Shiga: Don Allah tambaya. In mutum ya saya, zai iya sa ta a akwati ya kai gida ya rataye a falo? Na ji an ce tsofaffin ba a ɗaukarsu a matsayin makami.

Malamin Lissafi: Kul! Dokar tarayyar Amurka ce ta 1968 ta ware wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, kuma ko a nan wasu jihohi na da nasu sharuɗɗan. Wannan doka ba ta bin ka filin jirgin Kano ko na Yamai. Can bindiga bindiga ce, sai da lasisi da izinin shigowa.

Maman 'Yan Biyu: Hoto za ka kai musu, ya wadatar.

Injiniya na Ohio: Tunda ana maganar tarihi, ni abin da ya ja ni ga 1866 shi ne yaƙin Plevna na 1877, inda sojojin Usmaniyya ƙarƙashin Usman Fasha suka riƙe Rashawa wata da watanni, da Winchester cikin makamansu. Shekara shida ina neman irin ta Turkiyya da kuɗina zai kai. Har yau shiru.

Baffan Houston: Je Tulsa, kasuwar bindigogi ta Wanenmacher, Afrilu ko Nuwamba. Ko ba ka saya ba idonka zai waye. Ku matasa ku riƙe ɗari a hannu kafin ku sayi ɗaya. Kuma in Allah ya ba ka mai tagullar, kada ka kuskura ka goge ta. Wannan duhu-duhun mai kama da ƙasa-ƙasa da ke jikinta shi ake saye. Na ga wanda ya sa man goge kwanuka ya mayar da ita kamar sabon tasa, ya goge rabin kuɗinsa da hannunsa.

Sabon Shiga: To da me ake shafa ta?

Malamin Lissafi: Tsumma mai laushi da ɗan kakin nan Renaissance Wax, shi gidajen tarihi ke sawa. Kada ka ajiye ta cikin jaka mai soso, danshi yake riƙewa. Kuma kada ka harba mata harsashin zamani mai ƙarfi, ƙarfen 1873 don baƙin albarushi aka yi shi.

Badamagare: In harbi kake so sayi kwafin Uberti na Italiya, ko sabuwar Winchester da Miroku ke ƙerawa a Japan. Masana'antar Winchester ta New Haven ai tun 2006 aka rufe.

Maman 'Yan Biyu: Ni wadda ta burge ni ita ce 1873 ɗin da aka tsinta jingine da bishiya a gandun Great Basin na Nevada a 2014. A 1882 aka ƙera ta, itacen ya bushe ya yi fari, ba wanda ya san mai ita. Ba zane ba komai, amma na fi son ta da duk barewarku.

Injiniya na Ohio: Anti, ita ma Cody aka tambaya aka san shekararta.

Ɗan Kurmi, Dallas: Na kira dattijon yanzu na ce ya turo mini lambar da hoton rubutun bututu a hasken rana. Ya ce yana tuƙi, zai kira ni. Amma ya ce in zan biya gobe zai bar mini a 8,000.

Malamin Lissafi: Dala 1,500 ta faɗi daga tambaya ɗaya.

Baffan Houston: In ya turo lambar ka miƙo mini, ina da rajista da su Cody, zan sa a duba maka. Badamagare, kilishin da ka ce za ka aiko tun Sallah fa?

Badamagare: Yana hanya Baffa, kwastan ne suka riƙe.