Tambaya kan mai rawar da aka sassaƙa a dutse a Da Nang

Matafiyi: Assalamu alaikum. Watan jiya aiki ya kai ni Da Nang, a tsakiyar Biyetnam, na leƙa gidan tarihin sassaƙen mutanen Cham. Abu ɗaya ya tsayar da ni cak: wata mai rawa a jikin dutse, ta karya ƙugu, ta karkata kai, jikinta duk duwatsun ado kamar jigida. Gefenta ga makaɗi riƙe da abu mai kama da gurmi. Jagoranmu ya ce sunan irinta apsara, wai 'yar sama ce. Shin mala'iku suke nufi? Har yau fuskar nan ba ta fita a raina ba.

Malamin Tarihi: Wa'alaikumus salam. A'a ɗan'uwa, ba mala'iku ba ne. A addinin Hindu, apsara 'yan rawa ne a fadar Indra, sarkin allolinsu, makaɗansu kuwa gandharva ake ce musu. Wadda ka gani daga Tra Kieu aka ɗauko ta, tsohuwar Simhapura, ɗaya daga manyan biranen masarautar Champa ta mutanen Cham, aikin wajen ƙarni na 10. Guntu ce daga dakalin da ake ɗora abin bauta a kai. Wato sun ɗauki haikali a matsayin dutsen da alloli ke zaune, shi ya sa suke kewaye shi da 'yan fada: masu rawa, makaɗa, masu gadin ƙofa. Gidan tarihin tun 1919 aka buɗe shi, zamanin mulkin Faransa.

Mai Zanen Gini: Ni bulon ne ke ba ni mamaki. A My Son, shi ma a tsakiyar Biyetnam, inda suka yi wa Shiva, ɗaya daga manyan allolin Hindu, haikali tun ƙarni na 4, bulo ya hau bulo har da kyar ka ga abin da ya haɗa su, sannan suka sassaƙa siffofi a jikin bangon kai tsaye. Kuskure ɗaya, bango ya ɓaci! Bama-baman Amurka sun rushe da dama a 1969, abin da ya rage UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1999.

Matafiyi: Na gode, Malam. To mutanen Cham ɗin fa, suna nan?

Malamin Tarihi: Suna nan daram. Na Kambodiya galibinsu Musulmi ne. A Biyetnam akwai Musulmi, akwai kuma waɗanda ke kan Hindu, har yanzu suna zuwa hasumiyar ibada ta Po Klong Garai da ke garin Phan Rang duk shekara don bikin Kate.