Takin ne jabu, ko fadamar ce ke cinye shi?

Bappa Umaru: Jama'a, na ce yuriyar bana jabu ce, kuma ina kan bakana. Buhu biyu na watsa wa shinkafata a Dadin Kowa, rana ɗaya, hannu ɗaya. Gefen tudu ta yi kore shar. Can kwari kuwa, inda ruwa ke kwanciya, ba a yi sati uku ba ganye ya koma ruwan ɗorawa. Kuɗina ya tafi a banza.

Malam Buba: Allah ya huci zuciyarka, Bappa. In jabu ne ai da tudun ma bai yi kyau ba, tunda taki ɗaya suka sha. Ni ruwa nake zargi, shi ya wanke takin ya kai shi kogin Gongola.

Bappa Umaru: Ina zai kai shi? Laka ce zalla, ruwa kan yi kwana huɗu a fangalin bai tsotse ba.

Hauwa'u: Bappa, wannan maganar taka ita ce amsar. Fannin ƙasa nake karanta, kuma abin da ya sami gonarka sananne ne. Ƙasa in ta daɗe cikin ruwa, iskar oksijin ta cikinta takan ƙare. Akwai bakteriyar da in suka rasa ta sai su koma numfashi da naitiret, wato wani nau'in naitirojin, sinadarin takin da shuka ke sha, su mayar da shi iska ya tashi sama. Buhun yuriya mai kilo 50 naitirojin kilo 23 ne a ciki, kuma wani kaso nasa ta nan yake salwanta ba wanda ya gani.

Malam Buba: To 'yata, me ya hana haka faruwa a gonar duka? Ai duk fadama ce.

Hauwa'u: Sunan ne ɗaya, Malam, ƙasar daban-daban ce. Bakteriyar nan abu uku suke nema: rashin iska, naitiret, da abinci irin ruɓaɓɓen ganye da tushiyar shinkafar bara. Zafi kuma yana ƙara musu kuzari. Kwari ya haɗa duka, don can ambaliya ke sauke laka da ciyayi. Bakin kogi kuwa yashi ne, iska na ratsa shi, can naka zancen ya fi ƙarfi, ruwa ne ke zurarewa ƙasa da takin. Taku goma kawai na iya raba su. Bappa, ka sa fartanya a kwarin: in ka ga ƙasar toka-toka da ɗigon tsatsa, tana kwana ba iska.

Alhaji Manu: Ban gamsu ba. Shekara 30 ina noman rani a nan, kuma shinkafa mafi nauyi daga kwari nake samunta.

Hauwa'u: Gaskiya ne, Alhaji. Amma yaya kake ban ruwa?

Alhaji Manu: Daga dashe ba na bari ya bushe.

Hauwa'u: To nan bambancin yake. Yuriya amoniyam take fara zama, wato wani nau'in naitirojin daban, kuma sai da iska yake rikiɗa ya zama naitiret. In fangali ya bushe har ya tsage, naitiret ya taru, ana sako ruwa sai bakteriyar su far masa. Bushewa da jiƙa a jere shi ya fi jawo asarar.

Bappa Umaru: Injina ya lalace bayan na watsa. Kwana shida ba ruwa, ƙasar har hannu na shiga tsagarta. Daga baya na cika ta maƙil.

Malam Buba: Ka ji. Sannan watsawa a kan ruwa da tsakar rana ma wani kason takin yana tashi, har warinsa ake ji.

Hauwa'u: Wannan amoniya ce, wata hanyar asarar daban. Shi ya sa ake cusa dunƙulen yuriya cikin taɓo zurfin santimita 7 zuwa 10, inda iska ba ta kaiwa. In babu dunƙulen, a rage ruwa, a raba takin kashi biyu ko uku.

Alhaji Manu: Cusawa na cin kuɗin leburori, a faɗi wannan ma. Kuma jabun taki yana nan a kasuwa, na taɓa sayen wanda aka cakuɗa da yashi.

Bappa Umaru: Akwai rabin buhu da ya rage. Zan ware fangali biyu a kwarin, ɗaya in cusa, ɗaya in watsa. Hauwa'u, ki zo ranar Asabar ki nuna min zurfin.