Neman shawara: riƙe dillalai biyar a Kebbi alhali maigida yana Abuja

Alhajin Gesse: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Kamar yadda wasunku suka sani, aiki ya mayar da ni Abuja, kuma na bar yara biyar a kan harkar dillancin gidaje da filaye: biyu a Birnin Kebbi, ɗaya a Kalgo yana kula da ɗakunan da ɗaliban jami'a suke haya, ɗaya a Jega, ɗaya a Argungu. Da ina gida, kowace safiya sai sun zauna a gabana mun yi lissafi, amma yanzu sai dai waya, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 zuwa gida a kai a kai ya fi ƙarfin ma'aikaci. Wata uku ke nan kuɗin haya ba ya cika, kuma sau biyu mai saye yana kirana yana faɗa mini farashin da ba ni na yanke ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa riƙe mutane daga nesa su faɗa mini tsarin da suka bi, da manhajar da ta yi musu amfani.

Hajiyar Kalgo: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin maganar manhaja, ka hana kuɗin haya bi ta hannun kowa, kowane ɗan haya ya tura asusunka kai tsaye ya aiko da shaida.

Mai Shago a Badariya: Allah ya sa a dace. Ni dai na zo sauraro ne, domin ƙanena ma yana shirin shiga wannan hali.

Baban Jega: Ɗana, zan tsawaita, ka yi haƙuri, domin abin da kake tsoro ya riga ya same ni. Shekarar da jinya ta zaunar da ni Kaduna, na bar ofis a hannun ɗan ƙanwata, yaron da ni na yi masa aure, ban taɓa kama shi da ƙaryar ko sisi ba. Wata rana ya turo mini hoton fili ƙafa 100 a 100 a bakin hanya, da itacen dogonyaro a kusurwa da dutsen awo guda ɗaya a gabansa, ya ce mai shi yana da buƙatar gaggawa, kuma ga wata baiwar Allah mai sayar da shinkafa ta yi tayi mai kyau. Na tambaye shi ko ya ga takarda, ya ce ya gani. Na ce a sallama. Kalmar nan ɗaya da na faɗa a waya ita ce ta ɗaure ni, domin matar ba yaron ta sani ba, sunana ta sani.

Ta ba da kafin alƙalami naira 800,000, kuma ta tura su asusun yaron saboda shi ne a gabanta. Abin da ban sani ba shi ne filin na magada ne su bakwai, ba a raba ba, kuma babban cikinsu ne ya fito da takardar mahaifinsu shi kaɗai ya ce nasa ne. Yaron ya ba shi rabi, ya riƙe rabi da niyyar wai zai juya su a buhunan albasa ya mayar kafin na dawo. A wannan tsakanin sauran magadan suka sayar wa wani mutum daban a gaban mai unguwa da shaidu.

Ranar da na iso, ko gida ban shiga ba na wuce wurin. Dogonyaron yana nan yadda yake a hoto, amma an haƙa harsashi, an zuba yashi tifa biyu, magini yana jan igiya. Da na koma gida na tarar da matar zaune a zaurena, takardar da yaron ya rubuta mata tana cikin baƙar leda a kan cinyarta, ba ta ɗaga murya ba, abin da ta ce kawai shi ne kuɗin marayun mijinta ne. Fulotin da na ajiye wa 'yata shi na sayar na biya ta a cikin mako biyu. Har yau ni da ƙanwata gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma wannan ya fi asarar kuɗin ciwo a wurina.

Tun daga lokacin na raba aikin gida uku, kuma ba na barin mutum ɗaya ya haɗa biyu. Wanda yake nuna fili daban, wanda yake binciken takarda da asalin mallaka daban, kuɗi kuwa ba ya taɓa hannun kowannensu. Ba na cewa a sallama sai na yi magana da mai fili da bakina, na kuma kira mai unguwar wurin da lambar da ni na samo, ba wadda yaro ya ba ni ba. A kan kowane allo da muka kafa, lambata ce a sama. Wannan kaɗai ya kashe ƙarin farashi a ɓoye, domin mai saye yana iya kirana ya ji abin da mai fili ya nema.

Hajiyar Kalgo: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar da alheri, Baba.

Lauyan Zaure: Baba ya gama magana a kan amana, bari in ƙara ta fuskar doka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, saboda haka abin da ake saye da sayarwa haƙƙin zama ne, wanda takardar mallaka ta gwamnati ta saba bayarwa na shekara 99. Filin da yake da irin wannan takarda ba a mayar da shi ga wani sai da amincewar gwamna, wanda yake ƙauye kuma a ƙarƙashin haƙƙin gargajiya, ƙaramar hukuma ce take da ta cewa. Takardar ciniki da hatimin mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin bincike a ma'aikatar filaye. Ina ba Alhaji shawara ya yi wa harkar rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ya buɗe asusu da sunanta, ya kuma yi rajista da SCUML, sashen da ke sa ido kan halatta kuɗin haram, wadda ake nema daga masu harkar gidaje da filaye. A kuma tuna cewa dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Idan yaronka ya karɓi jakar kuɗi da sunanka, kai za a fara nema.

Dillalin Aliero: Da izinin manya, ina da ƙorafi. Tun da aka fara magana ake ambaton yaran dillalai kamar dukkanmu ɓarayi ne masu jiran maigida ya juya baya. Ni shekara tara ina nuna ɗakuna da filaye, kuma babu wanda ya tambayi wa yake zuba mai a babur idan na kai mutum goma su ga wuri babu wanda ya saya. Maigida yana Abuja yana son bidiyo kullum, amma data daga aljihuna take fita. Ciniki ya faɗa, kuɗi ya shiga asusunsa, la'adata kuma sai na yi mako uku ina kira ana ce mini ana mitin. Wanda aka bari a haka, ga iyali, ga kuɗin haya a hannunsa, an sa shi a gaban jarrabawa. Idan za a hana kuɗi bi ta hannunmu, ban ƙi ba, amma a biya la'ada a ranar da kuɗin ya shiga.

Hajiyar Kalgo: Ƙanena, jinkirin la'ada zalunci ne, na yarda, amma ba ya halatta taɓa kuɗin da ba naka ba. Ni albashi nake biyan yarana biyu, babu la'ada, kuma hankalina a kwance yake.

Dillalin Aliero: Hajiya, ke ɗakunan haya gare ki, kuɗinsu sananne ne a shekara. Wanda aka ɗora wa sayar da fili a kan albashi, zai zauna a inuwa ne ya jira ƙarshen wata.

Hajiyar Kalgo: Wanda kuma aka ɗora wa la'ada kaɗai, zai sayar da ko fadama ce ya ce tudu ne.

Shugaban Zaure: A yi haƙuri da juna, kowa ya faɗi gaskiyar abin da ya gani.

Baban Jega: Yaron nan na Aliero ya faɗi abin da ya kamata mu ji. Ni yanzu ina ba kowanne ɗan abin mai da data a farkon wata, la'ada kuma ba ta kwana. An rubuta kason kowa tun kafin a fara nuna wuri, har da yadda za a raba idan ɗaya ya kawo fili ɗaya ya kawo mai saye, domin a nan ne yara suke ɓoye wa juna masu saye.

Malamin Gwandu: Dillanci halal ne, kuma ladan dillali haƙƙinsa ne da zarar ya cika aikin da aka yi sharaɗi a kai. Sai dai shi wakili ne, abin da ya ƙara a kan farashi na mai kaya ne, in ba mai kayan ne ya ce masa abin da ya haura kaza naka ne ba. Game da labarin Baba kuma, ko da magajin nan rabonsa kaɗai ya sayar, sauran magada suna da haƙƙin shuf'a a mazhabar Malikiyya matuƙar ba a raba ba, wato su biya kuɗin su karɓe. Duk filin da aka ce na gado ne, a nemi takardar rabon gado ta kotu kafin a kai kowa ya gani.

Ɗan Makera: Alhaji ya tambayi manhaja, har yanzu ba a amsa masa ba. Mu Google Sheets muke amfani da shi, kowane gida ko fili da layinsa: mai shi, farashi, wanda ya nuna, ranar da haya za ta ƙare. Mutum ɗaya ne yake da ikon rubutawa, saura kallo kawai. A WhatsApp kuma muna da zaure ɗaya na aiki zalla, wanda rubutun boko yake yi wa wuya ya aiko da murya, sannan kowace Asabar bayan La'asar a yi kira ɗaya kowa yana ji.

Safiyo daga Argungu: Ina gargaɗi a kan abu ɗaya da na ga masu gida na nesa suna dogara da shi. Alamar da yaro yake turowa ta Google Maps ba awo ba ce. Waya tana iya kuskure da mita da yawa, alhali fuloti mai ƙafa 50 faɗinsa bai wuce mita 15 da 'yan kai ba, saboda haka alamar tana iya sauka a filin maƙwabci kana ganin naka ne. Ka sa yaro ya ɗauki bidiyo ɗaya ba yankewa, ya faro daga titi, ya taka kusurwa huɗu, ya nuna kowane dutsen awo da lambar da ke kansa, sannan a gwada lambobin da taswirar safiyo mai rajista. Kuma filin da aka nuna maka a watan Maris, ka nemi a sake nuna maka shi a Agusta. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 a jihar nan sun san wuraren da da rani suke kamar tudu.

Mutumin Gusau: Duk wannan tsari a kan sabis ya tsaya. Mu a Zamfara, a watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya gaba ɗaya, ina Kano ba ni da hanyar jin ko 'yan haya sun biya. Abin da ya cece ni shi ne littafin rasit mai kwafi da wani dattijo maƙwabcina da na ba shi ajiyarsa. Ka zaɓi mutum ɗaya a gida, ka rubuta masa iyakar abin da zai iya yankewa idan ba a same ka ba, sayarwa kuma ba ta ciki.

Mai Shago a Badariya: Malam safiyo, akwai wani fili da aka yi wa ƙanena tayi ta gefen fadama a hanyar Argungu, farashinsa ya yi sauƙi ƙwarai, kuma mai shi ya ce ruwa bai taɓa kaiwa nan ba.

Safiyo daga Argungu: Ya je da kansa ya dubi bangon gidajen da ke kusa, ruwa yana barin zane a jikin bulo. Ya kuma tambayi manoman wurin, kada ya tambayi mai sayarwa.

Alhajin Gesse: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, maganar asusu da ta allo zan fara da su a wannan makon. Abin da ya rage mini nauyi shi ne na Jega ɗan yayana ne, kuma ban san yadda zan karɓe rasit daga hannunsa ba tare da uwarsa ta ji cewa na zarge shi ba.

Baban Jega: Kada ka faɗa masa a waya, kuma kada ka fara da shi. Ka zo gida ka tara su biyar ɗin a zama ɗaya, ka karanta tsarin a kan kowa, ka biya duk la'adar da suke bin ka a wurin kafin ka nemi littafin kowa. Sannan ka je ka gaida uwarsa da kanka a ranar.

Dillalin Aliero: Idan za a tara su, Alhaji, a tambaye su nawa suke kashewa a mai kowane mako kafin a yanke abin da za a riƙa ba su.

Mai Shago a Badariya: Malam safiyo, na tura maka hoton bangon ta akwatinka, ka duba mini idan ka samu sarari.