Masu ciwon kai na kullum: kula da wani rage muku yake yi ko ƙara muku?

Mai Jinyar Gyatuma:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ciwon ɓarin kai gare ni, kuma likita ya ce nawa ya shiga sahun na dindindin, wato mai zuwa kwana 15 ko fiye a wata har sama da wata 3. Da mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, jinya ta dawo hannuna, kowa cewa ya yi yanzu kam zan ƙarasa. To ban ƙarasa ba. Ciwon na nan yadda yake, amma idan ina juya ta, ina goge mata baya, ko na ba ta cokali ina jiran ta haɗiye, kan na sarawa ne kawai, ba shi nake saurare ba. A da, da na farka kaina nake fara lalube in ji ko ya zo. Yanzu ɗakinta nake fara leƙawa. Ni kaɗai ce, ko akwai wanda ya ga irin haka?

Tsohon Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ba ke kaɗai ba ce, 'yata. Nawa ba na ɓari ɗaya ba ne, irin mai ɗaure kan nan ne gaba ɗaya, daga goshi har ƙeya. Da na ajiye aiki na ɗauka hutu zai yi masa magani, ashe fili na ba shi. Wuni guda ba ni da abokin hira sai shi. Ana nan wani yaron maƙwabta ya faɗi jarrabawa, uwarsa ta roƙe ni in riƙa duba shi da yamma. Yaro ne mai ƙirga da yatsu a ƙarƙashin tebur don kada in gani. Ranar da ya yi rabawa mai tsawo shi kaɗai, ya ɗago ya dube ni yana jiran in ce ba daidai ba ne, na ce daidai ne. Sai da ya tafi na tuna tun azahar kaina ke ciwo. Ban ce ya warke ba fa. Da dare ya dawo ya karɓi haƙƙinsa. Amma na samu awa guda da ba tasa ba.

Uwar Tagwaye:
Ku yi haƙuri, ni kam ban yarda ba, ko in ce ba kowa ba. Baba, kai ka zaɓi yaron, ka zaɓi lokacin, idan kan ya matsa kana iya cewa ya dawo gobe. Ni wa zan ce wa ya dawo gobe? Idan nawa ya tashi, haske ma ba na iya kallo, zuciya na tashi, kukan yaro kuwa har cikin ido nake jin sa. Na sha dama musu abinci ido a rufe, in ruga in yi amai in dawo. Babu wata nutsuwa a cikin wannan. Abin da ya fi ɓata mini rai, irin wannan maganar ce ake jifan mu da ita: ai da kin tashi kin kama aiki da kin manta da shi. Wanda bai taɓa ji ba shi ke faɗin haka.

Mai Jinyar Gyatuma:
Sannu 'yar uwa, Allah ya kawo sauƙi. Gaskiyarki. Ni ma ranar da ya zo da amai ƙanena nake kira ya karɓe ni. Wanda nake magana a kai shi ne na sauran ranakun, mai bin mutum a hankali.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ni ma ina da shi, kuma aikina kula da marasa lafiya ne, don haka na ga ɓangarorin biyu. Abin da Baba ya faɗa ba camfi ba ne. Tun 1965 masu bincike Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo bayanin cewa saƙon zafi ba ya wucewa kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa, akwai inda ake tace shi a laka, kuma ita kanta ƙwaƙwalwar tana aiko da umarnin a ƙara shi ko a rage. Inda hankali ya tafi, da tsoro, da damuwa, duk suna da hannu a ciki. Shi ya sa mai zaman jiran ciwo ya fi jin sa. Ina lura da kaina: idan ina neman jijiyar jariri zan sa masa ruwa, ba ni da sauran hankalin da zan ba kaina.

Sai dai Uwar Tagwaye ma ta faɗi gaskiya. Masu jinya su ne kan gaba wajen rasa barci da tsallake abinci, kuma waɗannan biyun suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon ɓarin kai. Ga wani tarkon kuma: saboda mutum yana son ya miƙe ya yi wa wani hidima, sai ya riƙa afa magani kullum. Paracetamol ko ibuprofen kwana 15 ko fiye a wata, ko kuma irin su sumatriptan na ciwon ɓarin kai da masu haɗin kodin kwana 10 ko fiye, idan aka ɗauki watanni ana haka, maganin da kansa yake koma haddasa ciwon kai. Na ga masu jinya da yawa da suka faɗa wannan ba su sani ba. Ku riƙa rubuta ranakun ciwo da ranakun shan magani, ku nuna wa likita.

Ta Ɗakin Duhu:
Ni nawa taimakon daga kwance nake yin sa. Akwai wata yarinya da aka haɗa mu, ita ma ciwon ya fara mata, a gidansu ana cewa lalaci ne. Idan nata ya tashi takan kira ni, in sa wayar a kan matashi in rufe ido, muryata ƙasa-ƙasa. Ba wata shawara nake ba ta ba. Cewa kawai nake yi na sani, na yarda da ke. Shekaru na yi ina jin ni kaya ce a wuyan mutane, kullum ni ake yi wa sannu. Wallahi ranar da ta ce Anti ba don ke ba da na zare, na daɗe ban ji ina da amfani irin na ranar ba. Ciwon nan ba zafi kaɗai yake kawowa ba, yana cinye wa mutum ƙimarsa a idon kansa, kuma nan ne nake ganin kula da wani ke yin aiki.

Ɗan Shiru:
Kada ku yi dariya, ni kyanwa nake kula da ita. Ko kan na tsagewa, da asuba tana bakin ƙofa tana kuka, dole in tashi. Ita ta daidaita mini lokacin farkawa, abin da likita ya yi ta fama da ni a kai.

Uwar Tagwaye:
Ɗan Shiru ka sa ni dariya duk da halin da nake ciki. Na ji bayaninku, amma har yanzu ina kan bakana: wanda ke da mai karɓar sa ne ke cin ribar abin nan. Sista, maganar lissafin kwanakin shan maganin nan ta tsorata ni, don nawa shan ya kusa zama na kullum. An taɓa ambata mini amitriptyline na rigakafi, na ƙi saboda an ce yana sa barci, ga yara.

Ma'aikaciyar Jinya:
Yana sa barci kam, shi ya sa da dare ake shan sa, kuma da kaɗan ake farawa. Ba shi kaɗai ba ne, akwai propranolol da topiramate, kowanne da wanda ya dace da shi, kuma sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu. Ki gaya wa likita idan kina shayarwa ko kina da niyyar ƙara haihuwa, don hakan na canza zaɓin. Ki kuma nemi wanda zai riƙe miki yaran a darare na farko. Abu ɗaya ga kowa: ciwon kai da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko raunin hannu da karkacewar baki, wannan ba na haƙuri ba ne. Ko wa kake jinya, bar shi a hannun wani ka tafi asibiti.