Abin da aka tattauna kan kayan lambu marasa sinadari a kasuwannin Legas

Ga taƙaitaccen abin da 'yan uwa suka faɗa:

1. An yarda cewa kuɗin lebura ne ke ɗaga farashi. Ciyawar da feshi zai kashe cikin awa guda, sai an biya masu fartanya kwanaki.

2. Kashin kaji ya fi takin zamani na NPK araha, amma dole a tara shi a riƙa juyawa har ya huce. Ɗanye yana ƙona saiwar latas da alayyahu. Ruwan ganyen darbejiya na korar wasu ƙwari, sai dai tsutsar tumatir da ta yi ɓarna a 2016 ta fi ƙarfinsa.

3. A babbar kasuwar kayan gwari ta Mile 12 ba wanda zai ƙara maka ko sisi don ka ce ba ka yi feshi ba. Masu biya suna unguwannin masu kuɗi na Lekki da Ikoyi, su kuma suna neman shaidar cewa ba a yi feshi ba, da kuma kaya kowane mako.

Inda aka rabu: wasu na ganin a ci gaba da ɗauko kaya daga Jos da Kano a cikin kiret, ba kwando ba. Wasu sun ce tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya cinye ribar, gara a nemi filin noma a Epe ko Ikorodu a nan jihar Legas.