Na'urar rada mai auna numfashi daga nesa: za ta yi wa dattijo amfani?

Maman Sadiya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Likita ya ce mu riƙa lura da numfashin mahaifinmu da dare, amma Baba ba ya yarda a ɗaura masa komai a hannu ko a maƙala masa a yatsa. An ba ni labarin wata na'urar rada da ake kafawa a bango, mai auna numfashi da bugun zuciya ba tare da ta taɓa jiki ba. Yaya take aiki, kuma shin bargo da gidan sauro ba za su tare ta ba?

Injiniya, Kawo:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Na'urar tana aika igiyar rediyo mai rauni ta bugi ƙirji ta dawo, kuma daga yadda igiyar ta sauya ake lissafa motsin ƙirjin. Numfashi yana ɗaga ƙirji da milimita kaɗan, shi kuwa bugun zuciya motsinsa bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa sakamakon numfashi ya fi zama abin dogaro. Bargo da gidan sauro ba sa tare ta, domin igiyar tana ratsa tufafi; da irin wannan fasaha ce na'urar FINDER ta NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta gano mutum huɗu da gini ya danne a girgizar ƙasar Nefal ta 2015. Abin da ke rikita ta shi ne motsi: fankar da ke fuskantarta, labulen da iska ke kaɗawa, ko jika da ya hau gadon ya kwanta kusa da kakansa.

Sista, Barnawa:
Yaya, ina aikin jinya, kuma shawarata ita ce ki fara tambayar likitan abin da yake so a lura da shi. Babba yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, rada kuwa za ta iya ƙirga wannan, amma ba ta auna iskar oksijin da ke cikin jini ko hawan jini, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa an yi su ne don bibiyar barci, ba don lura da mara lafiya ba, irin radar da ke cikin na'urar Nest Hub da kamfanin Google ya fitar a 2021.

Maman Sadiya, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. Zan koma wurin likitan, sannan sai na nemi mai batir, tunda wutarmu ba ta kwana.