Wace mujalla zan kai kasidata kan tassa?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum. Ina kammala masta a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, kuma aikina kan tassa ne, ramukan nan da manoman Illela da Badagishiri ke haƙawa a faƙo, su zuba taki, ruwan sama ya kwanta a ciki. Malamina ya ce in fitar da kasida. To, da yawa daga binciken da aka yi a gonakinmu, in ka zo saukewa sai a ce biya, wajen jaka 20 na sefa kasida guda. Ni ba na son tawa ta zama haka. Ina son jami'in gona na Keita ya buɗe ta a wayarsa ba ko dala. Ina zan dosa?

Malama daga Yamai:
Wa alaikumus salam ƙanena, ka yi tunani mai kyau. Fara da DOAJ, kundin mujallun da ake karantawa kyauta, yana nan tun 2003. Akwai wajen tace waɗanda ba su karɓar kuɗi daga marubuci, kuma suna da yawa. Ka leƙa AJOL ma, na mujallun Afirka, sai dai ba duka ne kyauta ba. Amfanin ba na mai karatu kaɗai ba ne. Abin da ɗalibin Maraɗi ko na Wagadugu ya iya buɗewa, shi zai ambata a nasa aikin, ta nan sunanka ke tafiya. Dubi LASDEL, cibiyar bincike kan zamantakewar al'umma a nan Yamai: rahotanninsu na kan intanet kyauta, shi ya sa har ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyi ke karanta su.

Mai Littattafai:
A yi hattara dai. Wasu manyan mujallu sun sauke kuɗin daga kan mai karatu sun ɗora wa marubuci, har ya haura miliyan ɗaya na sefa. Ka nemi yafiya, da yawansu na yafe wa marubutan ƙasashe irin Nijar. Wadda kuma ta aiko maka saƙo tana alkawarin bugawa cikin mako guda, guje ta, babu mai tantance aikin.

Ɗan Adar:
Na gode, Allah ya saka. Malama, in malamina ya nace kan mujallar da mai karatu ke biya fa?

Malama daga Yamai:
Kada ka yi jayayya da shi. Yawancinsu na barin marubuci ya ajiye rubutun da aka amince da shi a rumbun intanet da ake karantawa kyauta, irin HAL na Faransa, wani lokaci bayan 'yan watanni. Karanta yarjejeniyar kafin ka sa hannu. Kuma ka rubuta taƙaitawa shafi ɗaya da Hausa, ka kai gidan rediyon karkara.